Adon Bangon Gado da Salatif: Mafita ga 'Yan Haya ko Sabuwar Rigima da Mai Gida?

Ɗaki ne ƙafa 12 tsawo, ƙafa 12 faɗi, irin wanda ya cika gidajen haya a sababbin unguwannin Kano. An jawo gado tsakiyar ɗaki, an jingine katifa da wadirob. Matar ɗakin na tsaye a kan benci da fensir a hannu, ƙanwarta na ƙasa riƙe da waya, tana tsayar da bidiyo tana mayar da shi baya. Daga saman bango wani zare ke reto, an ɗaura masa ƙusa a ƙarshe don ya miƙe sambal.

Babu bokitin fenti, babu burushi, babu tsohuwar jaridar da aka shimfiɗa don kare tayil. Abin da ke kan tire bai wuce naɗin salatif huɗu ba, biyu ruwan gwal, biyu kore mai duhu, sai almakashi da reza da wani tsohon katin banki. Yayar ta manna kan salatif a sama, ta bi zaren tana warwarewa a hankali, ta bi bayansa da katin tana dannewa. Ƙanwar ta ja da baya har bakin ƙofa, ta kanne ido ɗaya, ta ce ya ɗan karkata hagu. Aka ɗaga, aka gyara, aka sake mannawa.

Kafin la'asar bangon ya cika da layuka masu ratsa juna. Aka tura gado ya koma mazauninsa, aka gyara shimfiɗa, kuma a daren nan aka kwana a ɗakin.

Wannan salo yana ta yaɗuwa ta TikTok da Instagram da Pinterest. Ba a taɓa bango uku, ɗaya kawai ake ƙawatawa, galibi wanda kan gado ya jingina da shi, domin shi ido ke fara sauka a kai idan an ɗaga labule. Masu ɗaukar salon sun haɗa da amare, da ɗalibai masu kama ɗaki a wajen makaranta, da 'yan hidimar ƙasa da ba za su wuce shekara guda a gari ba, da ma'aikatan da ake yi wa canjin wurin aiki bagatatan. Dabara ce mai kyau, ina kuma ganin ta dace da mutanenmu ƙwarai. Sai dai yawancin bidiyon da ake koyi da su an ɗauke su ne a ƙasashen da bangonsu da yanayinsu suka sha bamban da namu, kuma a nan ne ake samun kuka.

Daga garejin mota zuwa ɗakin kwana

Asalin salatif ɗin takarda ba don ado aka yi shi ba. A shekarar 1925 wani matashin ma'aikacin kamfanin 3M a jihar Minnesota ta Amurka, Richard Drew, ya lura da wahalar da masu fentin mota ke sha. A lokacin ana yayin mota mai launi biyu, kuma duk abin da suka liƙa don raba launukan, in an zo cirewa sai ya taho da fentin. Shi ne ya haɗa salatif na takarda mai sassauƙan gam, wanda zai kama ya kuma saki. Har gobe irinsa masu fentinmu ke zagaye makunnin wuta da bakin taga da shi.

Mayar da shi kayan ado kuwa aikin Japan ne. A garin Kurashiki da ke yankin Okayama akwai kamfanin Kamoi Kakoshi, wanda ya fara a 1923 da yin takardar kama ƙudaje, daga baya ya koma yi wa masana'antu salatif. A 2006 wasu mata uku masu sha'awar aikin hannu suka nemi a bar su su ziyarci masana'antar, suka nuna wani ɗan littafi da suka ƙawata da salatif ɗin kamfanin, suka roƙi a yi shi launi-launi. A 2008 kamfanin ya fitar da shi da sunan mt, kala 20. Yanzu duniya ta san shi da sunan washi, wato takardar Japan.

Takardar washi ta gargajiya da hannu ake yin ta daga ɓawon wasu itatuwa, kuma a 2014 UNESCO ta sanya wannan sana'a cikin abubuwan gadon ɗan'adam. Ta jikin salatif inji ke yin ta, amma ta gaji halin uwarta: siririya ce, tana da ƙarfi, ana yaga ta da hannu, haske na ratsa ta. Da abin ya karɓu sai kamfanin ya ƙara da masu faɗi musamman don bango, har mai santimita 20.

Ba abin mamaki ba ne da ya samu kasuwa a can. Ɗan haya a Japan yakan ajiye kuɗi a hannun mai gida tun ranar shiga, kuma daga ciki ake cire kuɗin gyaran duk abin da ya ɓata ranar fita. Wanda ke cikin irin wannan ƙa'ida dole ya nemi adon da zai ɗaga ba tare da ya bar tabo ba. Zaman kullen korona na 2020, lokacin da mutane suka wuni suna kallon bango huɗu, shi ya ƙara watsa salon ko'ina.

Bangon da ba naka ba

Duk wanda ya taɓa zaman haya a Kano ko Kaduna ko Abuja ko Yamai ya san jawabin ranar karɓar makulli. Kar a buga ƙusa. Kar a canza fenti. Yadda aka same shi haka za a bar shi. Wani mai gidan ya rubuta a takarda, wani kuma ta bakin dillali kawai za ka ji.

Ga shi kuma kusan duk gidan haya launinsa ɗaya ne, ruwan madara ko fari mai ɗaukar datti, domin shi ya fi araha, kuma ba wanda zai ƙi gida saboda shi. Mace ta shigo da kayan ɗaki na miliyoyi, iyaye sun sayar da gona ko sun ci bashi an yi jere na kece raini, amma bangon bayan gadon yana nan fayau, wani lokaci ma da shatin kan wanda ya tashi.

In ɗan haya ya yi ƙarfin hali ya yi fenti da kuɗinsa, riba biyu ya bar wa mai gida: ɗaki ya gyaru, kuma ba mamaki a ƙara masa kuɗin haya a shekara mai zuwa tunda gida ya yi kyau. In kuma launin bai yi wa mai gida ba, a ce sai ya mayar da na da kafin ya fita. Salatif ya zo ne daidai wannan gaɓa. Yana ba mutum damar ya sa hannunsa a ɗakin da yake kwana, ya kuma naɗe abinsa ranar tashi.

Shin ya fi fenti araha?

Nan ya kamata a yi lissafi da gaskiya, domin masu tallar salon sukan wuce gona da iri.

Gaskiya ne fenti ya yi tsada. Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, aka kuma saki naira a watan Yuni ta nemi darajarta a kasuwa, dala ta tashi daga wajen naira 460 a farashin hukuma ta haura 1,500 a farkon 2024. A shekarar hauhawar farashi ta wuce kashi 30 cikin ɗari. Masana'antun fenti na cikin gida daga waje suke shigo da manyan sinadaransu, musamman farar hodar titaniyam da ke sa fenti ya rufe bango. Duk wanda ya leƙa kasuwar Ƙofar Ruwa sayen bokiti mai lita 20 a 'yan shekarun nan ya ji a jikinsa.

To amma bango ɗaya ba ya cin bokiti. Bangon ɗaki mai ƙafa 12 da tsayin ƙafa 10 wajen murabba'in mita 11 ne, kuma galan guda mai lita 4 ya ishe shi shafa biyu har a samu ragi. Abin da ke ƙara nauyin shi ne kuɗin mai fenti, da burushi, da fitar da kaya, da kwana a falo.

Salatif kuwa ya danganta da zanen. Naɗi ɗaya na washi da aka saba gani faɗinsa santimita ɗaya da rabi ne, tsawonsa mita 7 zuwa 10. In layuka a tsaye ake so, tazarar ƙafa guda tsakaninsu, za a ci layi 12, kowane mita 3, wato wajen mita 36: naɗi huɗu zuwa shida. In kuwa gajerun yanka ne za a warwatsa a bango, kowane tsawon yatsa, naɗi biyu ya wadatar. Amma wanda ya ce sai ya rufe bangon gaba ɗaya da mai faɗi na asali ɗan Japan, abin da zai kashe ya ninka kuɗin galan. Arahar salatif tana cikin zane mai barin fili, ba cikin lulluɓe bango ba.

Ba sai an shigo da kowa ba

Akwai wata fa'ida da babu mai ambatonta a bidiyon Turawa, alhali a wurinmu ta fi kuɗin muhimmanci. Uwar ɗaka ba wurin shigar baƙon namiji ba ce. Kafin mai fenti ya taka ɗakin matar aure sai maigida ya samu ranar da yake gida, a yi sallama, a kawar da kayan sirri, matar ta koma ɗakin wata ko gidan maƙwabta ta wuni. Gidaje da yawa wannan hidimar kaɗai ke sa a shekara biyar ba a taɓa bango ba.

Salatif aikin mace ne da ƙanwarta ko 'yarta, a tsakanin karin kumallo da girkin rana. Ba ya wari, don haka mai ciki da mai jego da mai asma ba sai sun ƙaura ba. Ba a kankare tsohon fenti, wanda shi ma ba ƙaramin abu ba ne: binciken da aka yi a Najeriya a shekarun baya ya sha gano dalma mai yawa a wasu fentin mai, musamman ja da ruwan ɗorawa, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani adadin dalma da za a kira mara illa a jikin yaro. Ƙurar da ke tashi in ana goge irin wannan bango ita ce hatsarin.

Kuma wannan ba baƙon abu ba ne ga matan Hausawa. Adon cikin ɗaki dama nasu ne. Su ke shafe bango da farar ƙasa idan salla ta matso, su ke daɓe, su ke jere: ƙore da faya-fayai a zamanin kakanni, tasoshi da kwanonin sha masu fure daga ƙasa har rufi a zamanin iyaye, sannan aka koma kabad mai gilashi. Zuwan siminti da fentin kanti ne ya fitar da bango daga hannun mace ya miƙa wa ɗan kwangila. Abin da ya fi burge ni a wannan yayi shi ne ya dawo mata da shi.

Bangonmu ba irin na bidiyo ba ne

Yawancin gidajen Amurka bangon cikinsu allo ne mai santsi da aka yi da hodar gyaran bango, an shafa masa share fage, sannan fenti mai kyau shafa biyu, ga na'urar daidaita sanyi da zafi dare da rana. A irin wannan bango salatif zai shekara bai motsa ba, in an ɗaga shi kuma ya fita tas.

Namu bulo ne da filasta. A kan filastar kuma abin da aka shafa ya bambanta daga gida zuwa gida, kuma shi ne zai yanke hukunci.

Fentin mai, mai sheƙi, shi ne abokin salatif. Yana kamawa da kyau, yana saki lafiya. Haka ma fentin ruwa mai tsada mai ɗan santsi, irin wanda ake iya gogewa da jiƙaƙƙen tsumma.

Matsalar tana ga fentin ruwa mai araha, wanda shi ne a mafi yawan gidajen haya. Sau da yawa an tsinka shi da ruwa fiye da kima don bokiti ɗaya ya zagaye gida, an kuma shafa shi kai tsaye a kan filasta ko a kan tsohon fenti ba tare da share fage ba. Shafa tafin hannunka a jikinsa. In ya fito da fari kamar ka taɓa allon makaranta, to ɗayan biyu ne zai faru: ko salatif ya kama garin ya faɗo cikin kwana biyu, ko ya kama da ƙarfi ya taho da fentin ranar cirewa, ya bar maka taswirar zanenka a jikin siminti.

Bangon da aka lailaye da POP yana da kyan gani, sumul, ya fi kowanne kama da na bidiyo. Amma in lailayar ba ta kama filasta sosai ba, ba fenti kaɗai zai ɓanɓaro ba, har da ɓawon hodar. Fenti mai ƙurzunu kuwa, mai kamar an watsa yashi, kada ma a ɓata kuɗi, salatif ba ya samun wurin zama. Haka bangon ƙasa da na farar ƙasa.

Sabon fenti ma tarko ne, kuma amare ne suka fi faɗawa. An yi fenti ranar Litinin, 'yan jere sun zo Alhamis, an taɓa an ji ya bushe. Bushewar sama daban, ƙeƙashewa daban. Fentin ruwa yakan ɗauki mako uku zuwa huɗu kafin ya gama ƙarfi, kuma duk abin da aka manna masa kafin nan zai iya haɗewa da shi.

Maganin duk wannan gwaji ne, kuma ba ya cin ko sisi. A yanki ɗan guntu a manna a inda gado zai rufe, a danne sosai, a bar shi mako guda, a ɗaga a hankali. A duba bayan salatif ɗin, ba bangon kaɗai ba. In akwai launin fenti a jikin gam ɗin, bangon ya ba da amsa.

Bazara, hunturu, damina

Ko bango ya yarda, saura yanayi. A watan Afrilu da Mayu zafin Kano yakan kai digiri 40, na Sakkwato da Maiduguri da Yamai ya zarce haka. Bangon da ke kallon yamma yana shan rana tun azahar, yana riƙe da zafin har tsakar dare, ga rufin kwano, ga wuta ba kullum ba. Zafi na narkar da gam. Daga nan sai ya malalo gefe ya kama datti, ko kuma daga baya ya bushe ya ƙanƙame bango.

A nan nau'in salatif ke nuna halinsa. Na masu fenti, mai ruwan madara, an yi shi ne don a cire cikin yini ɗaya ko 'yan kwanaki. Ko shuɗin da 3M ke yi, mako biyu kamfanin ya rubuta a jikinsa. In aka bar irin wannan ya yi bazara guda a bango, takardar za ta riƙa yagewa guntu-guntu, gam ɗin ya zauna.

Baƙin salatif na masu gyaran wuta shi ya fi jan hankalin matasa, domin yana ko'ina, yana da araha, baƙin layinsa kuma yana fitowa raɗau a farin bango. Amma roba ne, yana miƙewa in an ja shi, sannan ya riƙa komawa a hankali. Layin da aka ja da ƙarfi yau, bayan mako za a ga bakinsa ya janye ya bar baƙin danƙo. Wanda ya nace sai shi, ya warware ya bar shi ya huta kafin ya manna, kada ya ja ko kaɗan. Farin salatif mai kamar gilashi da ruwan ƙasa na ɗaure kwali kuwa, waɗannan ba su da abin yi a bango.

Washi na gaskiya gam ɗinsa ya fi jure zafi da daɗewa. Sai dai kasuwa ta cika da masu kama da shi, kuma ba duka ke da halinsa ba. Wani ba ya kamawa sam, wani kuma ya kama fiye da kima. Masu ƙyalli na gwal da azurfa da ake yayi yanzu, da yawansu ba takarda ba ne, leda ce mai gam mai ƙarfi da aka yi don tayil da gilashi. Su suka fi kyau a hoto, su kuma suka fi ɓarna a fenti mai rauni.

Hunturu na zuwa da nasa. Ƙura tana bin gefen salatif tana kwanciya, iska mai bushewa tana ɗaga bakinsa. Sannan bangon da ke fili yana dusashewa, wanda ke ƙarƙashin salatif yana nan sabo, don haka bayan shekara biyu ko an cire lafiya za a ga inuwar zanen. Da damina kuma, bangon da ke tsotsar ruwa daga ƙasa, wanda gindinsa ke kumbura yana fitar da farin gishiri, ba ya riƙe komai. A irin wannan ɗaki a fara zanen daga saman kan gado.

Wani abin lura: bakin salatif da ya ɗaga maɓoya ce ga kuɗin cizo, kamar yadda suke shiga bayan takardar bango da ta saki. Duk inda ya ɗaga a danne ko a canza shi. In da mai rarrafe a ɗakin, kada zanen ya sauko inda hannunsa zai kai, domin abin da yaro ya ɓanɓaro baki yake kai wa. Kuma kada a bi ta kan soket.

Masu gida da masu fenti

Masu gidajen haya ba su da baki ɗaya a kan lamarin. Wasu na ganin da ƙusa da fenti mai duhu da zanen yara da biro, gara salatif sau dubu. Wasu kuma sun riga sun ƙone da takardar bango da allunan roba masu gam da aka yi yayi a baya, waɗanda in an ɓanɓare sai an sake filasta, don haka duk abin da aka ce mannawa ake yi ba sa son ji. Ba za a ce ba su da hujja ba. Gidan haya amana ne a hannun wanda ke ciki, a shari'a da al'ada, kuma wanda ya ɓata da gangan ko da sakaci shi ke da gyara.

Abin da ya fi shi ne a faɗa wa mai gida tun farko, a nuna masa gwajin da aka yi a bayan gado, a ɗauki hoton bangon kafin a fara. Minti biyar ne, amma yana kashe doguwar magana ranar tashi.

Masu fenti kuwa sukan ce wannan ba ado ba ne, wasan yara ne, ba zai kai ko'ina ba. Ta fuskar ƙarko suna da gaskiya: fenti mai kyau zai yi shekaru, salatif kuwa a yanayinmu in ya yi shekara ɗaya ko biyu da kyansa ya yi ƙoƙari. Sai dai mai neman salatif ba ƙarko take nema ba, dama so take ta canza in ta gaji. Masu wayo a cikin masu fentin ma sun mayar da yayin kasuwa. Suna tsara zanen da salatif, su shafa fenti a tsakani, su ɗaga salatif ɗin tun fentin bai gama bushewa ba, layuka su fito tsaf. Ga wanda gidan nasa ne, wannan ya fi komai.

Zanen da muke da shi a gida

Abin da ke damuna shi ne kusan duk bangon da ake nunawa zane ɗaya ne: tsaunuka masu tsini irin na ƙasashen ƙanƙara, ko dogayen benayen New York, ko alwatika barkatai. Alhali salatif miƙaƙƙen layi ya iya, kuma miƙaƙƙen layi da kusurwa su ne jarin adon Hausa.

A dubi gaban babbar riga. Aska biyu da aska takwas dogayen tsini ne masu saukowa, kuma da salatif mai launi ɗaya za a iya fitar da su a saman gado su zauna daram. A dubi ratsin bargon luru, da saƙar tabarma da faifai, da zanen hula, da aikin fata na Agadas. A dubi zankwayen da ke kan soraye: layi ɗaya da ya bi siffar saman soro, da zanko a kowane gefe, ya isa ya zama kan gado ga wanda katifarsa ke ƙasa. Dagi ma, duk da lanƙwasarsa, ana iya fitar da shi da kusurwoyi.

Magina a Zariya da Kano da unguwar Birni ta Damagaram sun daɗe suna zana fuskar gida da hannu tun laka tana ɗanya. Masallacin Juma'a na Zariya da Babban Gwani ya gina a zamanin Sarki Abdulkarim, a ƙarni na 19, har yau masana gine-gine na zuwa kallon bakunansa da adon cikinsa. Yarinyar da ta tashi a wannan ƙasa ba ta rasa inda za ta ɗauko zane ba.

Irin wannan ado ya kuma kauce wa saɓanin da ke kan hoton mai rai, wanda gidaje da yawa ba sa so a ɗakin da ake salla. Duk da haka akwai abin kiyayewa. Ya zo a Bukhari cewa Manzon Allah (SAW) ya umarci Nana A'isha ta kawar da wani labule mai zane saboda yana ɗauke masa hankali a salla. In bangon gadon shi ne na gabas, kuma a nan ake shimfiɗa darduma, ya fi kyau a zaɓi wani bangon, ko a sassauta zanen.

Ranar mannawa da ranar cirewa

Aikin kansa ba shi da wuya, haƙuri yake so. A share bango da busasshen tsumma, a bi da mai ɗan danshi, a bar shi ya bushe sarai. A zana abin da ake so a takarda tukuna. A yi alama da fensir sama-sama, kuma kada a amince da silin ko tayil a matsayin ma'auni, domin a gidajenmu ba kasafai suke miƙe ba. Zare da ƙusa ba sa ƙarya wajen layin tsaye, na kwance kuma a ari lebur wurin magini. A riƙa mannawa kamu ɗaya-ɗaya ana dannewa. Inda layuka suka haɗu a yanke da reza da sauƙin hannu, don kada a tsaga fentin ƙasa. Aikin safe ya fi, kafin bango ya ɗauki zafi.

Cirewa ta fi mannawa buƙatar natsuwa. Ba a fizga. A kama baki, a kwantar da shi baya a kan kansa, a ja a hankali kusa da bango. In ya yi gardama a ɗan hura masa iska mai ɗumi da na'urar busar da gashi, gam ɗin zai yi laushi. Danƙon da ya rage a goge da ruwan ɗumi da ɗan sabulu. Kananzir da fetur suna cire danƙo a fentin mai, amma a fentin ruwa tabo suke bari wanda ya fi danƙon muni, ga hatsarin wuta a rufaffen ɗaki.

In duk da haka fenti ya ɓanɓaro, kada a tura wadirob a rufe. A ɗauki ɓawon a kai wa mai haɗa fenti ya gwada launin, a sayi ƙaramin gwangwani, a shafe bangon gaba ɗaya daga kusurwa zuwa kusurwa, domin faci a tsohon fenti ba ya ɓuya. Bango ɗaya ne, aikin yini guda, kuma a yi shi kafin a kira mai gida karɓar makulli.